Kalmar da Ta Maƙale a Minti na Bakwai

Jiya da rana tsaka, ba ma da dare ba, Nafi'u Murya Goma ya yi wani mafarki a kan kujerar aikinsa, da abin sauraro a kunnensa.

Ga wanda bai san shi ba, Nafi'u mai fassarar fina-finai ne a Tudun Wada. Shi ne wanda in ka kunna fim ɗin Indiya a wayarka za ka ji jarumi yana Hausa, budurwarsa tana Hausa, mugun yana Hausa, har dokin ma in ta kama, kuma duk daga maƙogwaro ɗaya suke fitowa. Shekara goma sha tara yana wannan sana'a a wani ɗaki da ya manne bangonsa da soson katifa, kuma ya gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Yanzu samari sun juya wa Indiya baya, sun koma wa katun ɗin Japan da suke kira anime. Shi ya sa aka kawo masa wani mai kashi arba'in, labarin wani maraya ɗan manyan gida mai shekara goma sha biyu, da wani dogon mutum mai baƙar kwat da ke kula da shi da gidansa. Dogon nan ba mutum ba ne, ifiritu ne da kakan kakan yaron ya ɗaure da alkawari.

Kwana uku Nafi'u yana kan minti na bakwai na kashin farko. A nan ne yaron yake nuna dogon mutumin ga baƙinsa yana cewa, "Wannan shi ne..." sai kalma ɗaya ta biyo baya, sunan aikin mutumin. Turancin da ke rubuce a ƙasan hoton ya kawo ta tsaf. Hausa ma tana da wadda kowa zai gane nan take, kuma Nafi'u ya san ta sarai, domin da ita aka kira mahaifinsa, Malam Haladu, shekara talatin da ɗaya a gidan wani Bature a Nasarawa, tun yana da baƙin gashi har ya yi furfura. Boyi. Nafi'u bai ƙara furta kalmar nan ba tun yana firamare, kuma ba shi da niyyar farawa yanzu da tsohon yake zaune a ɗakin da ke jikin nasa, bango ɗaya tsakani. Sai ya yi ta tsayar da fim ɗin yana mayar da shi baya yana sake tsayarwa, har aka ɗauke wuta, fanka ta mutu, kansa ya faɗa kan tebur.

Ya tsinci kansa a wani falo da za a iya cin kasuwar ƙauye a cikinsa a bar wa masu awaki fili. Labulen baƙaƙe ne, kyandirori kuwa suna ci suna ƙara tsawo. A waje ana ruwan sama, amma ruwan ya tsaya cak a iska, wani hankaka yana tafiya a kansa da ƙafa. Rubutun Turanci yana bin gindin bango kamar jerin tururuwa, kuma Nafi'u ya tsallake shi don kada ya taka.

A tsakiyar falon akwai wata doguwar kujera, a kanta wani yaro mai farin gashi da idanu kamar faranti, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba, bakinsa a buɗe. A gefensa dogon mutumin nan ne a sunkuye, da tire a hannu ɗaya da butar shayi a ɗaya. Shayin ya fito daga bakin butar ya tsaya a hanya, bai kai kofi ba.

"Ka iso," in ji yaron.

Bakin ne ya fara motsi, sai daga baya maganar ta biyo, kuma Nafi'u ya ji ta karce shi a maƙogwaro. Muryarsa ce, 'yar siririyar nan da yake yi wa yara a fim. A ƙasar nan babu mai muryar kansa. Duk wanda zai yi magana, da wuyan Nafi'u zai yi ta.

"Kai ne mai tsayar da mu," in ji yaron.

"Ranka ya daɗe, aiki nake."

"Mu ma aiki muke. Kwana uku bakina a buɗe. Ƙudaje biyu sun shiga, ɗaya ne ya fito."

Dogon mutumin ya juyo da ido kawai, don wuyansa ba ya juyawa. Ya yi magana da muryar Nafi'u mai kauri, wadda yake ajiye wa miyagu. "Sau tamanin da bakwai ka mayar da ni baya, Malam. Daga ƙofar kicin zuwa nan taku sittin ne. Da baya da baya nake komawa, da tire a hannu, sannan in sake zuwa in sunkuya."

"Amma ai kai ifiritu ne."

"Ifiritu ma yana da ƙugu."

Sai aka ji wani ƙas daga bayan kwat ɗin, irin na busasshen kara in an taka shi. Yaron ya ɗaga yatsa ya nuna wurin, ba tare da wani tausayi ba, don a gidan manya ba a koya wa yara tausayi sai sun kai sha takwas.

"Ka ji ko? Ba zai miƙe ba sai na faɗi abin da yake, ni kuma ba ni da murya sai taka. Sau biyu ke nan bayansa yana ƙara. In ya yi na huɗu ya karye, sai dai mu naɗe shi mu sa a akwati, kuma irinsu ba sa mutuwa. Haka zai dawwama a naɗe, idonsa biyu."

"Ku ba ni ɗan lokaci," in ji Nafi'u.

"Lokacin ma ka tsayar da shi."

Sai ga su a ofishin rajistar sunaye, ba tare da sun taka ko'ina ba. Ƙadangaru ne ma'aikatan, kowanne da laktaye a wuya da biro a bayan kunnen da ba shi da shi. Babban akawun wani jan kai ne mai guntuwar jela. Tun kafin Nafi'u ya buɗe baki ya fara gyaɗa kai, sauran ma suka kama gyaɗawa.

"Kun amince ke nan?" in ji Nafi'u.

"Mun gyaɗa kai dai," in ji akawun. "Amincewa daban. Kawo sunan da kake so a yi wa mutumin nan rajista da shi."

Nafi'u ya leƙa rubutun Turancin da ya biyo su ta ƙarƙashin ƙofa, ya kama kalmar, ya murɗa ta yadda za ta shiga bakin Bahaushe. "Batila," in ji shi.

"Fitila," in ji akawun, ya buga hatimi.

Nan take kan dogon mutumin ya kama da haske. Ƙwari suka taso daga cikin fayiloli suka kewaye shi, ƙadangarun suka ajiye aiki suka yi abincin rana. Shi kuwa yana sunkuye da tirensa yana lumshe ido.

"A kashe ni, don Allah," in ji shi. "Suna shiga hancina."

Aka hura shi ya mutu. Nafi'u ya goge zufa ya ce, "To, bara. A sa baransa ne."

"Bara," in ji akawun yana rubutawa. "Takardarmu ba ta ɗaukar hawa da saukar murya, abin da aka rubuta shi ke nan." Ya buga hatimi.

Kalandar da ke bango ta yi ta juyawa baya har wata goma sha biyu, aka koma bara. Dogon mutumin ya yi ajiyar zuciya ya tafi ya sake aikin shekarar nan gaba ɗaya a sunkuye. Ya wanke faranti dubu goma sha ɗaya, ya goge takalma, ya kori fatalwowin da ke kwana a rijiya, ya sake binne karen gidan da ya riga ya binne, ya tsaya a bayan yaron a jana'izar wani kawu har aka watse. Duk wannan Nafi'u yana kallo ta taga, kuma bai ɗauki fiye da hamma ɗaya ba. Da mutumin ya dawo, shayin yana nan rataye a bakin butar yadda ya bar shi.

"Hadimi," in ji Nafi'u da sauri, kunya ta kama shi.

Aka rataya wa mutumin buzu a kafaɗa, aka ƙara masa butar alwala a kan tire. Yaron ya dubi kansa daga sama har ƙasa.

"Na yi maka kama da shehi?" in ji shi.

"To yaron gida."

"Shekararsa nawa?" in ji akawun.

"Ɗari huɗu da sha biyu," in ji dogon mutumin.

"Ba mu yi wa yaro rajista in ya haura ɗari uku." Akawun ya gyara laktayensa ya dubi Nafi'u da ido ɗaya, yadda ƙadangaru ke yi. "Akwai dai wata kalmar da ba ruwanta da shekaru. Ana kiran ɗan sha biyar da ita, ana kiran ɗan sittin. Tana nan a fayil, a sama-sama ma. Kai kaɗai muke jira."

Nafi'u ya ce bai san ta ba. Ƙadangarun duka suka gyaɗa kai, kuma bai taɓa ganin gyaɗa kan da ya ƙaryata mutum irin wannan ba.

"Muryarka ta dushe," in ji dogon mutumin. "Zo ɗakina ka sha ruwa."

Suka bi ta bayan gidan, suka wuce maƙabartar iyayen gidan inda matattu ke minshari bisa tsarin girma, babba ya ja sannan ƙarami ya ja. Daga nan duwatsun ƙasar Turai suka ƙare, aka shiga jar ƙasa. Ga wasu ɗakuna biyu a jere da rufin kwano, ga bishiyar mangwaro, ga famfo yana ɗiga sama. Nafi'u ya tsaya. A jikin bangon ɗakin farko akwai baƙaƙen da wani yaro ya rubuta da gawayi, ya juya ɗaya ta kalli baya, kuma Nafi'u ya san hannun da ya rubuta su, don shi ne yake maƙale a kafaɗarsa.

Ƙofar ɗakin gajera ce ƙwarai, amma dogon mutumin ya shige ba tare da ya ƙara sunkuyawa ba.

"Daidai mu aka gina ta," in ji shi.

Ya ajiye tiren a kan iska, ya cire farar safar hannunsa da haƙori don ya ɗebo ruwa a randa. A bayan hannun akwai wani tsohon tabon ƙuna, irin na murfin tanda, ƙaramin yatsan kuma ya lanƙwashe. Nafi'u ya karɓi moɗar yana kallon hannun, ya kasa kai ta baki.

"Baba," in ji shi.

"A nan ba a yi min rajista da wannan ba. Sha ruwanka."

Muryar Nafi'u ce har yanzu, amma ta tsofaffi, wadda ta fi kowacce cin maƙogwaro. Ya sha ruwan, bai ji ya wuce ba.

"Ni ba zan iya kiranka da kalmar nan ba," in ji Nafi'u. "Na ga yadda ake kiranka da ita daga baranda, kana cikin cin abinci ka ajiye ka ruga. Ɗan Baturen da bai kai ni tsawo ba ma haka yake kiranka."

"To sai me? Kana tsammanin kiran ne ya lanƙwasa ni? Baturen nan haka ya tarar ana yi, haka ya yi. Matarsa har ta koma ƙasarsu ba ta iya sunana ba. Ni na san aikina, kwalar da na goge ba ta taɓa kwanciya ba." Ya mayar da moɗar kan randa. "Ka tuna ranar da malaminku ya bi layi yana tambayar kowa aikin ubansa?"

Nafi'u ya tuna. Shekara arba'in yana ƙoƙarin kada ya tuna, kuma a ganinsa ya yi nasara.

"Muna aji uku," in ji shi a hankali.

"Ɗan mahauci ya ce mahauci. Ɗan mai gyaran keke ya ce gyaran keke, aka yi dariya, ya zauna abinsa. Da aka zo kanka me ka ce?"

"Na ce ya rasu."

"Ka ce ya rasu. Malamin ya ce Allah ya jiƙansa, aji duka suka ce amin. Ni ma na ce amin. Ina bakin taga, da littafin lissafinka da ka manta a gida, na roƙi uwargida minti ashirin na kawo maka a kan keke. Sai na ba mai gadi ya miƙa maka, na koma, don lokacin shayin ƙarfe goma ya yi."

Nafi'u ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma a ƙasar nan sai wanda ba ya so ne take haɗiyewa. Ya ji wani irin baƙin ciki mai nauyi, ba na kuka ba, irin wanda ke sa mutum ya nemi wurin zama. Sai bayan kwat ɗin ya sake yin ƙas, na uku ke nan.

Suna cikin falon kuma. Baƙin sun cika kujeru, mutane masu manyan huluna da ba a zana musu fuska ba, don ba su da muhimmanci a labarin. Yaron yana kan kujerarsa, hannunsa a miƙe yana nuna mutumin da ke sunkuye, bakinsa a buɗe. Wani zare-zare na tsagewa ya bi bayan kwat ɗin daga wuya zuwa ƙugu, ana jin sa yana tafiya.

"Saura ɗaya," in ji yaron. "Na sa an kawo akwatin."

Ga shi kuwa a gefe, wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi na kayan makaranta ba.

Nafi'u ya dudduba cikin kansa ko akwai sauran wata kalma. Bawa ta leƙo, ya kore ta. Kuku ta leƙo, ba ita ba ce. Ya gaji. Ya gaji da neman hanyar kewaye, ya gaji da muryoyin mutane, ya gaji da shekara arba'in na cike takardu yana rubuta "ma'aikaci" a layin aikin uba. Ya rufe ido ya saki maƙogwaronsa.

"Wannan shi ne boyina," in ji yaron, da muryar Nafi'u.

"Sa!"

Wannan ba muryar Nafi'u ba ce. Tunda ya shigo ƙasar, wannan ne karon farko da wani ya yi magana bai ji ta a wuyansa ba. Muryar Malam Haladu ce yana amsa kira yadda ake amsa wa Bature, ta lokacin da yake da ƙarfi, wadda ke tsallake bishiyar mangwaro ta isa baranda kafin mai ita.

Shayin ya faɗa cikin kofi. Ruwan saman da ya tsaya kwana uku ya zubo gaba ɗaya, hankakan ya faɗo tare da shi yana zagi. Yaron ya rufe bakinsa, ɗaya ƙudan ya samu ya fita ta hanci. Dogon mutumin ya miƙe sannu a hankali, gaɓa bayan gaɓa, har kansa ya kusa taɓa rufi. Ya dubi Nafi'u ya ɗan rusuna, irin rusunawar da ake yi wa baƙon maigida.

"Na gode, Malam," in ji shi.

"Shi ke nan yanzu za ka huta?"

"Hutu? Saura kashi talatin da tara da 'yan mintoci."

"Kuma ni mai yawan kira ne," in ji yaron yana kurɓar shayi. "Ka samu zuma ka riƙa lasa. Boyi!"

"Sa!"

"Boyi, labule. Boyi, akwai fatalwa a ƙarƙashin gadona. Boyi, shayin ya huce."

Kowane kira ta wuyan Nafi'u yake bi, kuma ba ya iya hana shi, kamar shaƙuwa. Mutumin yana ta kai da komo a falon, taku sittin zuwa, taku sittin dawowa, a miƙe ƙyam, kwalarsa tsaye. Nafi'u ya bi shi a guje yana so ya riƙe hannun nan mai tabo, ya ce masa wata magana guda ɗaya ta kansa. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Muryarsa tana bakin yaron tana aiki, ba ta da lokacinsa.

Ƙadangarun suka shigo a jere da hatimansu, suka hau tebur suna bugawa a kan komai, a kan kofuna, a kan hulunan baƙi, a kan goshin Nafi'u. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarar murfin dutsen guga ce.

Nafi'u ya farka ya ɗago kai, soson bango ya manne masa a kumatu, kwamfutar ta mutu. Har yanzu ba a kawo wuta ba. Ya zare abin sauraron ya fita tsakar gida yana jan ƙafa.

Malam Haladu yana tsaye a inuwar katanga, ya shimfiɗa bargo a kan tebur, yana goge wa Nafi'u rigar Juma'a da dutsen gawayi. Babu wanda ya sa shi. An hana shi har an gaji, shekararsa tamanin da ɗaya, amma ya ce masu wanki na yanzu ba su san kwala ba. Ya buɗe murfin ya hura gawayin, ya mayar ya rufe, ya gwada zafin da ɗan yawu a yatsa.

Nafi'u ya matsa kusa yana kallon bayan tsohon. Da ya yi magana, muryar ta fito a dushe.

"Baba, akwai wata rana, muna aji uku, malaminmu ya tambaye mu aikin iyayenmu..."

Tsohon bai ɗago ba. Ya juya hannun rigar, ya shafe shi da tafinsa, ya ɗora dutsen.

"Aji huɗu ne," in ji shi.